Filin Tambayi Injiniya: filaf ɗinmu na hagu ya ƙi daidaita da na dama

TAMBAYA: Salam Injiniya, ni ɗan Zariya ne amma aiki ya kawo ni Texas a Amurka, to akwai wani maƙwabcina dattijo da yake haɗa ƙaramin jirgi RV-7 a garejinsa, ni nake kama masa duk Asabar. Yanzu mun zo kan filaf, wato leɓen nan na bayan fiffike da ake saukewa in za a sauka. Bututun ƙarfen da ke juya su ya yi tauri cikin robobin da ke riƙe shi, sannan na hagu ya ɗan fi na dama sauka. Shi dai cewa yake moton yana da ƙarfi zai ja. Dan Allah mu wuce gaba ko mu tsaya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ku tsaya, wallahi ku tsaya, ba inda jirgin zai gudu.

Kafin komai, jirgin nan fa ba baƙonmu ba ne. Air Beetle da sojojin saman Najeriya suka yi ta koyon tuƙi da shi, wanda aka harhaɗa a Kaduna, daga RV-6A aka samo shi, yayan RV-7 ɗin naku kenan, duk na kamfanin Van's ne da ke jihar Oregon.

Toh batun tauri. Bututun nan guda ɗaya ne, moton lantarki ya tura shi, shi kuma ya juya ya tura rodi biyu da suke fita ta jikin jirgin zuwa filaf na kowane gefe. In ya yi tauri yawanci ko dai robobin ba su zauna a layi ɗaya ba, ko fentin bututun ya yi kauri a wurin, ko kun danne noti fiye da kima, don ƙaramin bol irin AN3 inci-fam 20 zuwa 25 kawai yake so a ma'aunin ƙarfin ɗauri, ba irin ɗaurin bakanike da ake hawa kan sufana da ƙafa ba. Ku cire moton gaba ɗaya, ku goge fentin wurin, ku juya da hannu. Sai ya tafi sumul sannan a maida moto.

Bambancin hagu da dama kuwa shi ne abin tsoron, saboda in gefe ɗaya ya fi sauka jirgi zai riƙa karkata, kuma yaushe ake sauke filaf? Lokacin sauka, kana kusa da ƙasa gudu ya ragu, ba sararin gyara. Maganin yana tsawon rodin, a ƙara ko a rage zagaye a kan boris ɗin da ake murɗawa a bakin rodi har su zo ɗaya, ku auna da ma'aunin kusurwa ba da ido ba, a sama su yi layi da fiffike, a ƙasa digiri 40. Kar ku zarce, don in ya wuce bakin fatar filaf ɗin na iya fitowa daga ƙarƙashin ta fiffike ya maƙale wurin komawa. Kuma garin neman tsawo kar ku warware har zare kaɗan ya rage a ciki, na sha ganin masu yin haka. Ramin da rodin ke bi shi ma a goga shi kaɗan-kaɗan har ya daina taɓawa ko'ina.

Sai wanda mutane suka fi mantawa, bakin rodin moton kansa. Yana iya warwarewa a hankali in notin kulle ya saki, shi ya sa tun 2007 kamfanin ya fitar da sanarwa a huda ƙaramin rami a ɗaure shi da wayar tsaro. Ka tambayi dattijon ko ya yi, in ya ce "an jima" ka ɗauko wayar da kanka.

Tunda kuna Amurka ku nemi reshen EAA mafi kusa, wato ƙungiyar masu haɗa ƙananan jirage da kansu, suna da masu ba da shawara da suke zuwa har gareji su duba aiki kyauta. Ku kira ɗaya daga cikinsu kafin ku rufe murfin wurin, ba bayan kun rufe ba.