Garmaho mai tambarin zakara: jabu ne ko na asali?

Malam, ka ce ka samu tsohon garmaho mai hoton zakara a jiki, allurarsa ba ta da tsini, faifansa kuma daga tsakiya yake farawa ya nufi baki, shi ne kake tsoron ko an cuce ka.

Kwantar da hankalinka. Zakara tambarin kamfanin Pathé ne na Faransa, kuma faifansu na farko-farko haka aka yi su: suna farawa daga ciki, suna juyawa kusan sau 90 a minti, maimakon 78 da aka saba. Kan allurar ɗan dunƙulallen dutse ne mai tauri, domin a faifan Pathé sauti yana cikin zurfin layin, allura tana hawa tana sauka. A faifan HMV, wani kamfanin garmaho na Ingila, gefe da gefe take kaɗawa. Don Allah kada ka sa allurar ƙarfe a faifan Pathé, nan take za ta kankare shi.

Jabu kam akwai su, musamman masu ƙahon tagulla mai sheƙi da hoton karen HMV, waɗanda ake harhaɗawa a Indiya da tsofaffin injuna. Duba ko akwai ramukan ƙusa da aka toshe, ko katako sabo fil, don alamun jabu ne.

Kada ka sake wa garmahon fenti, darajarsa za ta faɗi. Kada ka goge faifan da sifirit, yana narkar da shi. Gwangwanin sifirin (naɗaɗɗen ƙarfen da ke juya faifai) da ke cikin injin kuwa, bar wa gogaggen mai gyaran agogo ya buɗe, don in ya fizgo yana iya tsinke yatsa.