Wai akwai mai shigar mana da kuɗin bas cikin bidje (kasafin kuɗin ƙasa) a Yawunde?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yallaɓai. Ni ne sakataren wata ƙungiyar direbobi da 'yan kilando, wato masu haya da mashin, a nan Garwa. Mun daɗe muna neman gwamnati ta taimaka da bas-bas na cikin gari da gyaran tasha, don tun da mai ya tashi talaka ba ya iya hawa mashin kullum. To wani mutum ya zo ya ce yana da hanya a Yawunde, in mun haɗa sefa miliyan 3 zai sa wani depite, wato ɗan majalisar dokoki, ya shigar da aikinmu cikin bidjen baɗi a zaman majalisa na Nuwamba. Mun fara karo-karo, wasu har kuɗin adashensu suka kawo. Wallahi hankalina bai kwanta ba don ni ke riƙe da littafin. Haka ake yi? In ba haka ba ta ina ake bi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanena, rufe littafin nan tukuna, kar ka sake karɓar ko dala, wanda aka tara kuma kar ya bar hannunka. Hankalinka da bai kwanta ba gaskiya ya gaya maka.

Ka san dai shekarar kuɗi a Kamaru daga 1 ga Janairu take zuwa 31 ga Disamba, majalisa kuma zama uku take yi, Maris, Yuni, Nuwamba, ba sai na tsaya nan ba. Abin da ke ci mini rai shi ne wannan magana ta "depite zai sa mana", kullum sai na ji ta, daga bakin direba, daga bakin ɗan kasuwa, har daga bakin ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, da ya kamata a ce sun fi kowa sani. Depite ba ya iya sa muku. Ba wai ba ya so ba, tsarin mulki ne ya ɗaure shi. Sashe na 18 ya faɗa ƙarara, duk wani kuduri ko gyara da ɗan majalisa zai kawo wanda zai ƙara wa gwamnati kashe kuɗi ko ya rage mata kuɗin shiga, ba a ma karɓarsa, sai in ya nuna inda za a rage ko inda sabon kuɗi zai fito. To depite ɗaya cikin 180 ne zai tashi a Nuwamba ya ce a cire daga asibiti ko makaranta a saya wa Garwa bas, ministan kuɗi na zaune yana kallonsa? Haba.

Kuma lokacin da takardar bidjen ta isa majalisa an riga an dafa tuwon, kwashewa kawai ake yi. Ministoci na zuwa ɗaya bayan ɗaya gaban kwamitin kuɗi su kare nasu kaso, wani lokaci har tsakar dare, a yi ta tambayoyi, a kai zauren majalisa, a wuce da ita wurin sanatoci, shugaban ƙasa ya sa hannu a Disamba. Mutumin naku ya san wannan sarai. Shi ya sa ya zaɓi Nuwamba, don wata ne da kowa ke jin maganar bidje a rediyo, kowa zuciyarsa na rawa. In Janairu ta zo ba a ga komai ba zai ce ai an ɗaga sai gyaran bidje na tsakiyar shekara, a ƙara masa na mota. In kuwa aka yi sa'a wani aiki ya fito kusa da ku, ko da kwalbati ne da meri ta nema tun shekara biyu baya, zai dawo da sabuwar babbar riga ya ce kun gani ko, ƙoƙarina ne. Na ga irin takardun da suke nunawa, fotokopi ne na fotokopi, tambarin ya dushe, ba lamba ba kwanan wata, ya kuma hana ka ɗauka a waya wai sirri ne. Wane sirri? Bidjen ƙasa da ake bugawa a jaridar gwamnati, Cameroon Tribune? Kuma ka sani in abin ya tonu, ba shi kaɗai doka za ta kama ba, mai bayarwa ma laifi ya yi, kai kuma sunanka ne a littafi.

Yanzu ga yadda ofishin sufuri mai hankali yake yi, ko na meri ne ko na kamfanin gwamnati. Akwai mutum ɗaya aƙalla da aikinsa kenan, bin kalanda. Yana jiran muhawarar alkiblar bidje da dokar 2018 ta wajabta a yi a majalisa wajen tsakiyar shekara, yana karanta wasiƙar shugaban ƙasa da ke gaya wa ministoci abin da za su fifita a bidjen baɗi, in ya ga an ambaci sufurin birane sai ya ɗauki kalmomin nan ya sa su a kan dosiyensa, wato takardun neman aikinsa. In dokar kuɗi ta fito ba jimla yake dubawa ba, ƙananan sassan yake bi, harajin mai, kwastan na motoci da kayan gyara, don layi ɗaya a can yana iya cinye ribar shekara. Kai ma ka ga yadda litar fetur ta tashi daga 630 zuwa 730 a 2023, ta koma 840 a 2024, duk wanda ya yi lissafin bas da tsohon farashi ai ya yi aikin banza.

Ku kuma ƙofarku babbar meri ce. Sufurin cikin gari na cikin abin da doka ta sa wa magajin gari hannu a kai, kuma dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 ta ce kason da gwamnati za ta ware musu kar ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarta. Ko ana cika wannan, wata magana ce, amma shi ne abin da za ku riƙe a baki in kun zauna da su. Aikin ya shiga tsarin ci gaban gari, kansiloli su amince a zamansu, daga nan ya bi ta ofishin ma'aikatar sufuri da ta tsare-tsare, wato MINEPAT, na jiha. Akwai kuma FEICOM da ke ba meri tallafi da rance na ayyuka irin su tasha da kasuwa. Hanyoyin da aka yi a Garwa da kuɗin Faransa na C2D ma ta hannun meri suka biyo, ba wanda ya sayi layi.

Amma fa sai dosiye ya nuna. Tun 2018 akwai ƙa'ida cewa aikin da bai cika sharuɗɗa ba ba ya shiga bidjen ayyuka, sai da nazari, da kiyasin kuɗi, da takardar fili. A nan ne kuɗin karo-karonku zai yi amfani. Ku tsayar da yara da littafi da biro a Yelwa da Jambutu da bakin babbar kasuwa tun asuba, su ƙirga mutum nawa ke jiran abin hawa, ina za su, nawa suke biya, a yi haka ranar aiki, a yi ranar kasuwar Pitowa, a yi lokacin da 'yan makaranta ke tashi. Wannan littafin mai ƙura ya fi wasiƙa goma masu "muna roƙon alfarma". Kuma kar ku nemi bas kawai. Sayen bas shi ne mai sauƙi, kowa na son yanke kyalle, wa zai biya gazuwal da taya da makaniki a shekara ta biyu? SOTUC kamfanin bas-bas ne na gwamnati tun 1973 a Duwala da Yawunde, amma a 1995 aka rufe shi. Ku rubuta kuɗin tafiyar da motocin a dosiye, ku faɗi wa zai ɗauka. Sannan ku yi magana da 'yan kilandonku tun yanzu, don su ne za su fara cewa bas ya zo cin abincinsu.

Depite yana da amfani, kar ka ce na ce ba shi da shi. Yana iya yi wa ministan sufuri tambaya a zauren majalisa, yana iya raka dosiyenku ofis-ofis. Ku je masa a Maris ko Yuni da takarda a hannu, kyauta, ku da kanku ba ta bakin dillali ba.

In Janairu ta yi ka nemi kundin ayyuka da MINEPAT ke fitarwa, ka buɗe shafin jihar Arewa, ka bi da yatsa har Benuwe, yankin da Garwa take. In aikin na nan za ka ga sunansa da wurin da adadin kuɗi. Ko ka gani ma kar a yi walima tukuna, duba ko izinin ƙulla kwangila ne kawai ko har da kuɗin biya na wannan shekara, don akwai sauran kiran kwangila da mai duba kuɗi da baitulmali a gaba. Shi kuma mutumin, in ya dawo ku kira shi gaban taron ƙungiya, ku ce ya faɗi sunan depiten, ya rubuta rasit da lambar katinsa na ɗan ƙasa.