Tambaya da Amsa: Taurin ɗaurin ƙwayoyin zarra a cikin ƙarfe

Tambaya: Malam, malaminmu na fiziks ya ce idan aka rataya wa wayar jan ƙarfe nauyi, ana iya gano taurin ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin zarrarta. Ta yaya za a auna abin da ido ba ya gani? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, malaminku ya yi gaskiya. Ki ɗauka cewa kowace ƙwayar zarra tana haɗe da maƙwabciyarta da ɗan sifirin, don haka idan waya ta miƙe ƙarƙashin nauyi, sannan ta koma yadda take bayan an sauke shi, waɗannan ƙananan sifirin ne suka miƙe baki ɗaya. Daga nauyin da aka rataya, da kaurin wayar, da tsawonta, da gwargwadon miƙewarta, ake fitar da ma'aunin Young, wato ma'aunin yadda abu yake ƙin miƙewa idan aka ja shi, wanda aka sa wa sunan masanin Ingila Thomas Young. Na jan ƙarfe ya kai kusan gigafaskal 120 (gigafaskal ɗaya shi ne niyutan biliyan ɗaya a kan kowace murabba'in mita, niyutan kuwa ma'aunin ƙarfin ja ko turi ne).

Sauran aikin shi ne sanin tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin. Jan ƙarfe yana da nauyin giram 8.96 a kowace santimita kubik, mol ɗinsa kuwa (wani ƙayyadadden adadin ƙwayoyin zarra da ake kira lambar Avogadro) giram 63.5 ne, wanda girmansa ya kai kusan santimita kubik 7.1, kuma idan aka raba wannan girman ga lambar Avogadro, aka ɗauka kowace ƙwaya tana zaune cikin ɗan akwatinta, gefen akwatin zai zama kusan nanomita 0.23 (nanomita ita ce kashi ɗaya cikin biliyan na mita). Ki ninka ma'aunin Young da wannan tazara, za ki sami taurin ɗaurin, kusan niyutan 27 a kowace mita. Dalma, wadda ma'auninta gigafaskal 16 ne kawai, tana ba da kusan 5.

Sai dai wannan ƙiyasi ne, domin a zahiri kowace ƙwayar jan ƙarfe tana da maƙwabta 12 mafiya kusa, ba 6 irin na jerin akwatuna ba. Abin da na fi so ki riƙe shi ne kada ki haɗa wannan tauri da ƙarfin jure lanƙwasa ta dindindin. Maƙeri yakan gasa wuƙa har ta yi ja, ya tsoma ta cikin ruwa, kaifinta ya daɗe bai dakushe ba, amma ma'aunin Young na baƙin ƙarfen wuƙar kusan yana nan a gigafaskal 200. Abin da ya yi shi ne toshe wa jerin ƙwayoyin hanyar zamewa a kan juna, ɗaurin da ke tsakaninsu kuwa kusan bai taɓa shi ba.