Ga 'yar'uwar da aka ce ta bar Mamanta a gida

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya ƙara wa Mama sauƙi. Sau uku na karanta tambayarki kafin na iya rubuta komai. Kin ce tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki yawu ke zuba mata, mutane na matsawa daga bencinku, har wani dattijon ikilisiya ya ja ki gefe ya ce gara ki bar ta a gida, su za su riƙa zuwa yi mata addu'a. Kina tambaya ko ki bi maganarsa ko ki sauya majami'a. Abin da aka faɗa mini ke nan a kan Babana a nan Garwa ta Kamaru, kamar daga baki ɗaya.

Kada ki yarda. Ni na yarda, don kunya da ganin girman furfura. Wata goma sha huɗu Baba ya yi a ɗaki, sau biyu kacal aka leƙo shi, na biyun ma a tsaye suka yi addu'ar, ko tabarmar da na shimfiɗa ba su taka ba.

Baba magini ne. Majami'ar nan da hannunsa ya ɗora tubalinta, bai karɓi ko dala ba. Da Ista ta zo ya matsa sai an kai shi. Na ari keken guragu, ni da ƙanena muka turo shi cikin zafin Afrilu, kin dai san zafin Garwa. Matakala bakwai ce a ƙofar. Muna neman masu kama mana, sai ga dattijon da ya ce in bar Baba a gida, cikin farar riga, ya ce, "'Yata, ku ajiye shi can gindin darbejiya, ai lasifika na kaiwa." Bai ko dubi Baba ba, mutumin da suka yi shekaru suna zama benci ɗaya. Muka ajiye shi. Da aka fara raba Jibin Ubangiji, Baba ya gane daga waƙar, ya buɗe hannunsa mai lafiya ya ɗora a gwiwa yana jira. Ina tsaye a bayansa ina kallon hannun nan. Aka gama waƙa ta fari, aka shiga ta biyu, ba wanda ya fito. Can ya juyo da karkataccen bakinsa ya ce, "Sun gama ne?" Na ce sun gama, Baba. Ya rufe hannun a hankali. Har yau in aka ɗauki waƙar nan sai na fita waje.

Da aka tashi kuma, matar dattijon ta tsaya kanmu tana cewa a dai bincika, irin wannan ciwo ba ya zuwa banza, wataƙila akwai zunubin da ba a tuba ba. A gabansa ta faɗa, kamar kunnensa ma ya shanye. In an yi miki wannan, ki buɗe musu Yohanna sura 9. Almajirai sun tambayi Yesu wa ya yi zunubi har aka haifi mutumin nan makaho, ya ce ba shi ba ne, ba iyayensa ba ne. Hawan jini ne ya kayar da Baba, likita ya auna ya faɗa mana. Ki kuma tuna musu Littafin Firistoci sura 19, inda aka hana sa wa makaho abin tuntuɓe, aka kuma ce a miƙe tsaye a gaban mai furfura. Ni a ganina matakalar nan abin tuntuɓe ce.

Ba zan ce ki sauya majami'a ba. Mama ta san bencinta da ƙawayenta, in kin kai ta baƙon wuri ke kika huce, ita ta yi asara. Kuma kada ki fara da taron dattawa, za su ce za a duba. Ki je wurin tsofaffin zumuntar mata, gida gida. Su suka tsaya mana. Wata baba ta miƙe a taron ikilisiya ta ce waɗanda suka fasa rufin ɗaki suka zura shanyayye a gaban Yesu ba su jira izinin kowa ba. Lahadin da ta biyo baya samari huɗu suka ɗaga Baba da kekensa har benci na gaba. Daga baya aka yi karo-karo aka sayi siminti aka zuba gangara a ƙofar gefe. Wanda ya yi aikin maƙwabcinmu ne Musulmi, Baba ne ya koya masa gini, ya ƙi karɓar lada.

Ki ma sani ba alfarma kike roƙo ba. Akwai dokar ranar 13 ga Afrilun 2010 ta kare naƙasassu a Kamaru, ta ce gine-ginen da jama'a ke shiga su zama masu shiguwa gare su. Ki je ofishin Afer Sosiyal, wato ofishin jin daɗin jama'a na gwamnati, da takardar likita ki nema mata katin naƙasa. Akwai jeka-ka-dawo, amma ki daure. In kuna wajen Marwa, a Muda akwai cibiyar Baitalami da wani fada ɗan Italiya ya kafa a 1997, suna gashin ƙashi da motsa jiki, har makarantar kurame gare su.

Don Allah ki riƙa juya ta duk bayan awa biyu. Ban sani ba sai da gyambo ya ɓulle wa Baba a ƙugu, ya fi shanyewar wahalar da mu. Kada ki ba ta kunu a kwance, za ta shaƙe. Ki rage gishiri da magi, kada kuma kowa ya sa ki ajiye maganin hawan jini wai an yi addu'a ta warke. Ke ma ki ci abinci, ki kira 'yan'uwanki maza ki raba musu kwanaki, kada ki jira su ga dama.

Bara Baba ya koma gida. Dattijon nan ne ya miƙe a jana'iza yana cewa ginshiƙin ikilisiya ya faɗi. Na sunkuyar da kai. Ina roƙon Ubangiji ya ba ni zuciyar gafarta masa, ina gaishe shi, amma ban kai ba tukuna, ba zan yi miki ƙarya ba.

Ran Lahadi ki yi wa Mama wanka, ki ɗaura mata zanen zumuntarta, ki riƙe ɗan tawul, ku wuce benci na gaba. Keken Baba na nan a ɗakina, taya ɗaya kawai za a gyara. In kina Garwa ki yi mini magana ta akwatin saƙo in kawo miki, zan kuma zo in zauna a gefenta, ɓangaren da yawun ke zuba.