Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Sinawa Ke Karanta Ginshiƙin Ranar Haihuwa

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Wuhan. Na gaya wa wani abokin karatuna Basine cewa a shekarar Maciji aka haife ni, sai ya ce dabbar shekara ba ta da wani nauyi, ranar haihuwa ake dubawa. Yaya abin yake?

Amsa: Malam, abokinka ya san abin da yake faɗa. Tsarin da yake nufi shi ne Bazi, wato haruffa takwas. Ana jera lokacin haihuwa a ginshiƙai huɗu: shekara, wata, rana da sa'a. Kowane ginshiƙi yana da harafi a sama da ake kira kara, da harafi a ƙasa da ake kira reshe. Karare goma ne, bibbiyu ga kowane sinadari, na farko yang (ɓangaren namiji) na biyu yin (ɓangaren mace): Jia da Yi itace, Bing da Ding wuta, Wu da Ji ƙasa, Geng da Xin ƙarfe, Ren da Gui ruwa. Rassa kuwa sha biyu ne: Zi, Chou, Yin, Mao, Chen, Si, Wu, Wei, Shen, You, Xu, Hai, kuma su ne ake yi wa laƙabi da dabbobi, daga ɓera zuwa alade.

A zamanin daular Tang, Li Xuzhong ya ɗora karatunsa ne a kan shekara. Daga baya aka mayar da cibiya kan karan rana, kuma ana jingina wannan sauyi ga Xu Ziping, shi ya sa ake kiran hanyar Ziping har yau. Karan rana shi ne Rizhu, maigidan rana, shi ke wakiltar mutumin kansa. Sauran haruffa bakwai duk ana auna su ne da shi.

Tambaya: Zan iya fitar da ginshiƙin ranata da kaina ba tare da manhaja ba? An haife ni ranar 15 ga Agusta, 2001.

Amsa: Za ki iya, Malama, da biro da takarda. Kwanaki suna zagaye ne sittin-sittin ba yankewa, ba ruwansu da wata ko shekara. Ki riƙe wannan madogara: 1 ga Janairu, 2000 ranar Wu-Wu ce, ta 55 a jerin.

Ki ƙirga kwanakin da suka wuce daga nan. Shekarar 2000 tana da kwana 366. Daga 1 ga Janairu zuwa 15 ga Agusta, 2001 kwana 226 ne. Jimilla 592. Ki ƙara 55, ya zama 647. Ki cire sittin-sittin har sai abin da ya rage bai kai sittin ba: saura 47. Lambar ƙarshe ta 47 ita ce 7, kara na bakwai kuwa Geng ne. Ki raba 47 da 12, saura 11, reshe na sha ɗaya Xu ne. Ranarki Geng-Xu ce: ƙarfe a kan reshen kare. Idan ragowar ta fito sifili, na ƙarshe a jerin ake nufi.

Wuri biyu ake yawan tuntuɓe. Na farko, manta 29 ga Fabrairu a shekara mai kwana 366, wanda ke gusar da amsar da kwana ɗaya, ya canja kara da reshe baki ɗaya. Na biyu, a rubutun boko Wu na kara da Wu na reshe kamarsu ɗaya, alhali na farko ƙasa ne, na biyu doki ne mai ɗauke da wuta.

Tambaya: An haifi ɗana a Kano da ƙarfe 11:05 na dare. Manhaja ɗaya ta ba ni rana daban, wata ta ba ni daban. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, saɓanin daga malaman fannin ya samo asali. Sinawa suna raba dare da rana gida sha biyu, kowanne awa biyu, kuma na farkonsu, Zi, yana kamawa daga 11 na dare zuwa 1. Wasu suna cewa sabuwar rana ta shiga da ƙarfe 11, wasu suna jira sai 12. Manhajojin naka kowacce ta bi ɓangare ɗaya.

Amma a lissafin ɗanka da wuya a kai ga wannan gardama. Masu tsanantawa suna amfani da lokacin rana na ainihin garin, ba na agogo ba. Agogon Najeriya an saita shi ne a kan layin taswirar duniya na mataki 15 gabas, Kano kuwa tana wajen 8.5. Kowane mataki ɗaya minti huɗu ne, ke nan a cire kimanin minti 26: 11:05 ta koma 10:39. Akwai kuma wani ɗan gyara da ke sauyawa da lokacin shekara, wanda ba ya wuce minti 16 ko kusa da haka. Ko an ƙara shi duka, yaron bai shiga Zi ba, yana kan tsohuwar rana. Wanda aka haifa a Sin tsakanin 1986 da 1991 kuma sai ya duba ko haihuwar ta faɗo a watannin da aka tura agogo gaba da awa ɗaya.

Tambaya: Idan an sami ginshiƙin, yaya ake fassara shi?

Amsa: A nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki. Sukan karanta cewa Geng takobi ne, mai taurin kai, su tsaya nan. A wurin masu hanyar Ziping wannan ko rabin aiki bai kai ba.

Abu na farko shi ne reshen wata, domin shi ke nuna ko maigidan rana yana cikin lokacinsa. Watannin nan ba na ganin jinjiri ba ne, da tafiyar rana ake yanke su, kuma shekara tana farawa ne daga Lichun, wajen 4 ga Fabrairu. Itace yana da ƙarfi a Yin da Mao, wuta a Si da Wu, ƙarfe a Shen da You, ruwa a Hai da Zi, ƙasa a sauran huɗun.

Na biyu, a buɗe reshen rana a ga kararen da ke ɓoye a cikinsa. Xu yana ɗauke da Wu, Xin da Ding.

Na uku, a bi da'irori biyu. Ta haifarwa: itace na ciyar da wuta, wuta na haifar ƙasa, ƙasa ƙarfe, ƙarfe ruwa, ruwa itace. Ta dannewa: itace na danne ƙasa, ƙasa ruwa, ruwa wuta, wuta ƙarfe, ƙarfe itace. Abin da ya haifi maigida gatansa ne, abin da ya haifa basirarsa ce, abin da yake dannewa dukiyarsa, abin da ke danne shi hukuma, irinsa kuwa 'yan'uwa da abokan gasa.

Mu ɗauki ranar mai tambaya ta biyu. Tsakiyar Agusta watan Shen ne, ganiyar ƙarfe. Geng yana zaune a kan ƙasa mai haifar sa, ga Xin ɗan'uwansa a ciki. Wannan maigida mai ƙarfi ne, don haka mai karatu zai nemi abin da zai rage masa kaifi: wuta ta sarrafa shi, itace ya ba shi abin yi. Geng-Xu ɗin nan da a watan Wu ya faɗo, tsakiyar zafi, da ƙarfen ne ke neman agaji, fassarar ta juya gaba ɗaya. Rana ɗaya, hukunci biyu.

Tambaya: Ina kasuwanci a Guangzhou. Wani abokin hulɗa ya ce reshen ranata ya yi karo da na matata, wai auren ba zai ɗore ba. Hankalina ya tashi.

Amsa: Ka kwantar da hankalinka, Alhaji. A al'adarsu reshen rana shi ne ɗakin abokin zama, kuma karo shida ne: Zi da Wu, Chou da Wei, Yin da Shen, Mao da You, Chen da Xu, Si da Hai. Tun da rassa sha biyu ne, a cikin kowane aure sha biyu ana sa ran ɗaya ya faɗo haka ta hanyar dace kawai. Ko a cikin fannin, gwani ba ya yanke hukunci da harafi ɗaya. Zai duba ko wani reshe ya haɗe da ɗayansu ya kwance karon, ya kuma duba sinadarin dukiya ga namiji, na hukuma ga mace, domin su ke wakiltar abokin aure.

Mu kuma muna raba abu biyu. Lissafin kwanakin tabbatacce ne, kowa ya yi zai sami amsa ɗaya. Cewa haruffan suna faɗin makomar aure kuwa al'ada ce da kimiyya ba ta tabbatar ba, kuma ga Musulmi hukuncin gaskata mai duba sananne ne. Sanin tsarin zai taimaka maka ka gane dalilin da abokin hulɗarka zai iya ɗaga ranar sa hannu a yarjejeniya ko ta buɗe shago: yana kauce wa ranar da reshenta ya yi karo da nasa ne.