Kin Tambaye Ni Ko Al'ada Ta Yarda Mamanku Ta Sake Aure

Ɗiyata, assalamu alaikum.

Saƙonki ya iso ni tun ranar Talata. Sau uku na karanta shi kafin na ajiye wayar, don ban so in amsa miki da zafi. Kin ce akwai wani dattijo da yake zuwa wurin Mamanku, har ya fito da maganar aure, ita kuma ba ta ce a'a ba. Kin ce abin ya yi muku nauyi ku 'ya'yanta: mace mai shekara 58, da jikoki bakwai, a ce wai ana zuwa zance wurinta. Sai kika tambaye ni ko al'ada ta yarda da haka. Na san dalilin da ya sa duk cikin dangi ni kika zaɓa. Kin zaci zan yi wa Yaya, wato Babanku, kishi, tunda ni ce ƙanwarsa.

Allah Ya jiƙan Yaya. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, har yau ban daina jin muryarsa ba. Amma matar nan ta sauke haƙƙinsa. Wata goma sha ɗaya ta yi tana jinyarsa, da idona na ga tana juya shi a kan gado da tsakar dare. Ya rasu ta yi masa takaba wata huɗu da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 a Suratul Baƙara ta ce. Ki koma ki karanta ƙarshen ayar: in sun cika wa'adinsu, babu laifi a kanku game da abin da suka yi da kansu ta hanyar da ta dace. Allah da kanSa Ya yanka mata wa'adi. Mu su wa da za mu mayar mata da shi na har abada?

Abin da kike kira al'ada, na bi shi na duba a tsawon rayuwata, ban taɓa samun wanda ya kafa shi ba. Kunya ce kawai da tsoron bakin mutane. Kuma ki lura da rashin adalcin da ke ciki: in namiji ne matarsa ta mutu, kafin shekara ta zagayo 'ya'yansa da kansu suke cewa a samo wa Baba mai kula da shi. Ita mace sai a ce ta zauna ta yi renon jikoki, kamar ita ba ta da zuciya a ƙirji.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Da Nana Khadija ta rasu, Manzon Allah (SAW) yana wajen shekara 50, Khaulatu 'yar Hakim ce ta je ta same shi da maganar sake aure, ta kawo masa sunan Saudatu 'yar Zam'a, wadda mijinta ya rasu bayan sun yi hijira zuwa Habasha. Labarin Ummu Salama ya fi kama da na Mamanku. Da Manzon Allah (SAW) ya nemi aurenta bayan rasuwar mijinta, hujjojin da ta kawo su ne shekaru sun ja, ga yara, ga kishi. Aka ba ta amsa cewa shi ya girme ta, yaranta nasa ne, kishin kuma zai roƙa mata Allah Ya yaye mata. Babu wanda ya ce mata ta ji kunyar 'ya'yanta.

Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa cikinku ba. Kin san shekara tara na yi a zaune kafin na auri Malam. Kuna ganina wurin biki da suna ina raha, kun ɗauka lafiya ƙalau. Da rana ba a sanin kaɗaici. Sai bayan isha'i, in an rufe ƙofa. Rediyo nake kunnawa ya kwana yana magana, don dai in ji muryar mutum. Akwai daren da santsi ya kwashe ni a banɗaki, ƙuguna ya bugu, wayata tana can kan gado. A ƙasa na zauna jingine da bango har aka kira assalatu. Da safe ɗana ya bugo, ya ce Mama kin tashi lafiya, na ce lafiya lau. Uwa ba ta faɗa. Ina tabbatar miki Mamanku ma tana da irin daren nan nata da ba ku sani ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Likitoci ma sun gano abin da muka daɗe muna ji a jikinmu. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka ya yi gargaɗin cewa illar rashin abokin hulɗa ga lafiya ta kai ta shan taba kara 15 a rana, kuma a shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti a kan matsalar. Ku kuna aiko kuɗi, kuna bugo waya, Allah Ya yi muku albarka. Sai dai kuɗi ba ya miƙa wa mutum ruwa in tari ya sarƙe shi da dare.

Na ga inda kika rubuta "me za ta yi da namiji a shekarunta". Na yi dariya. Soyayyar manya ba ta da hayaniya irin taku. Ni da Malam, shi yake karanta min rubutun jikin kwalin magani saboda idona, ni nake tuna masa da ƙwayar hawan jininsa. Mukan yi awa guda muna musu a kan shekarar da wani abu ya faru, babu mai shaida a cikinmu. Sauran abin da ke tsakanin miji da mata kuwa, yankewar jinin al'ada ba ta kashe shi, kuma ba hurumin 'ya'ya ba ne. Na rufe wannan.

To, ba cewa nake ku naɗe hannu ba. So hana ganin laifi, kuma wanda ya daɗe cikin kewa ya fi saurin ruɗuwa. Ku binciki mutumin kamar yadda aka binciki mijinki. Matarsa rasuwa ta yi ko rabuwa suka yi? In rabuwa ce, sau nawa? 'Ya'yansa sun san da maganar? Abokiyar zama yake nema, ko mai jinya kyauta? Jinya a cikin aure ba aibu ba ce, amma ta shiga da idonta a buɗe. Da a ce a Facebook ko WhatsApp suka haɗu, bai taɓa bayyana ba, ya fara cewa a turo masa kuɗi, da ni zan fara tsayawa a ƙofa, don 'yan damfara sun san inda zawarawa masu ɗan abin hannu suke. Wannan kuwa kin ce da ƙafarsa yake zuwa.

Su je asibiti su biyun a yi musu gwajin ƙanjamau da ciwon hanta. Furfura ba riga-kafi ba ce.

Na kuma san abin da yayanki yake tsoro, ko da bai furta ba: gida. Ki gaya masa ya kwantar da hankalinsa. Rabon Mamanku a gadon Yaya tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas. Sabon miji ba shi da ko allura a naku kason. In ta riga shi rasuwa, rubu'in abin da ta mallaka ita kaɗai zai samu, tunda tana da 'ya'ya, haka aya ta 12 a Suratun Nisa'i ta tsara. Kuskuren naku ne da kuka bar gadon shekara shida ba a raba ba. A raba, a rubuta, da shaidu, kafin a ɗaura. A kuma yi maganar inda za su zauna tun yanzu. In ta fi son ta ci gaba da zama a ɗakinta shi ya riƙa zuwa, ta faɗa, manya da yawa haka suke yi kuma suna zaman lafiya.

Izini kuwa ba a hannunku yake ba. Hadisi ya tabbata cewa bazawara ta fi waliyyinta iko da kanta. A mazhabar Malik ɗa ne kan gaba a walicci, wato yayankin nan mai kumbure-kumbure shi zai ba da aurenta. Gara ya saki fuska tun yanzu.

Na san akwai wani ciwon da bincike ba ya magancewa, ranar da za ki shiga ki tarar da takalmin wani a inda na Babanku yake zama. Ni ma zan ji. Ki yi kukanki a gidanki, ko ki zo wurina mu yi tare, amma kada ki yi shi a gabanta, don na san halinta, sai ta fasa ta ce dama ba ta so.

Zan shigo ranar Asabar in Allah Ya kai mu. Ki ce wa yayanki ya zauna a gida, kada ya ce min aiki. Kafin nan kada kowa ya sake tayar mata da maganar, ni zan fara shiga ɗakinta mu biyu. Ki gaishe min da maigidan da yaran.

Goggonki.