Kullum Amsoshi Biyu Ke Rage Mini

Tambaya: Malam, ina shirin jarrabawar GMAT don neman digiri na biyu. A tambayoyin tantance hujja, kullum amsoshi biyu ke rage mini, kuma sai in zaɓi ta banza. Ina mafita? — Wata mai karatu, Zariya

Amsa: 'Yar'uwa, ni ma na sha wannan wuya. Sashen Verbal Reasoning, wanda ya haɗa tambayoyin tantance hujja da na fahimtar karatu, yana da tambayoyi 23 cikin minti 45, don haka babu lokacin dogon tunani.

Kafin ki leƙa amsoshi biyar ɗin da ake bayarwa a kowace tambaya, ware matsayar marubuci daga dalilinsa. Misali: "Tun da aka buɗe sabon titi, cinikin mai shayi ya ninka, saboda haka titin ne sila." To, idan a watan Disamba aka buɗe titin fa? Hunturu kaɗai ya isa ya cika bencin mai shayi. Wannan giɓin ake so ki gano.

Idan an tambaye ki zaton da hujjar ta dogara a kai, ki ƙaryata amsoshin biyu ɗaya bayan ɗaya. Wadda ƙaryata ta ya rusa hujjar, ita ce daidai.

Ki tanadi littafin kurakurai. Tambaya goma a rana, da bitar kowace, ta fi hamsin a gurguje.